Shafin da Ya Kumbura

Ni ce mai ɗinke littattafai
a ɗakin karatun da ke kan tudu a Valparaíso,
inda jiragen ruwa ke kuka da asuba can ƙasa
kamar shanun da aka raba da maruƙa.
Allura, zare, gam, da tabarau mai ƙafa ɗaya,
shekara ashirin da bakwai ke nan ina ɗinkawa.

Yau ga shi ya dawo, mai koren bangon nan,
zuwansa na huɗu teburina, gadon baya a karye.
Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne:
mata da miji, gida mai ɗaki biyu,
ciwo ya shigo bai yi sallama ba,
shi ya tafi, ita ta ci gaba da aza tukunyar mutum biyu.
Iyakarsa ke nan.
Amma ku zo ku ga ɓarnar da yake jawowa.

Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya ya kumbura
kamar ƙyauren katako da ya sha ruwan sama.
Ba shayi ba ne, shayi kan bar launi.
Na taɓa ɗora harshe a kai, da ba kowa a ɗakin.
Gishiri ne. Ban sake gwadawa.

Nibaldo, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jirage,
ƙato ne, hannunsa kamar faranti,
ya yar da shi kan kanta kamar garwashi ya ɗauko.
“Wa ya ba ku izinin ba mutane wannan?
Da ni ne hukuma da na kulle shi.”
Ya biya tarar kwana tara, ya kai bakin ƙofa,
ya tsaya yana murza hularsa:
“Marubucin nan, yana da wani? Ina dai tambaya ne.”
Bai ɗago ido ba har ya gama faɗawa.

Ximena, shekararta sha tara,
ba ta taɓa binne kowa ba sai kyanwa.
Ta yi kuka a bas har ta wuce unguwarsu,
direba ya miƙo mata tsumman goge gilashi.
Ta ce mini, “Kai, na sha kuka mai daɗi!”
Na ce madalla.
Akwai wani irin kukan, yana nan tafe,
ba ni ce zan yi mata kwatancensa ba
tun tana da sauran dariyar ba da labarin hawayenta ga ƙawa.

Tsohuwa Edelmira kuwa sau bakwai tana aronsa,
ba ta taɓa wuce shafi na ɗari biyu da goma ba.
A nan mijin yana zaune a taga yana ɓare lemo.
Nan take rufewa ta maido.
“A wurina lafiyarsa ƙalau,” in ji ta,
“ku kuka kashe shi da garajen buɗewa.”

A gefen shafin wani ya rubuta da fensir:
Ƙarya ne, ba a manta murya.
Ƙarƙashinsa wani hannu, da shuɗin biro:
Ana mantawa. Ni na manta.
Ƙarƙashin wannan, ƙanana, kamar sawun tururuwa:
Sannu.
Doka ta ce in goge.
Ga magogi a aljihun rigata, ya yi laushi don shafawa.

Ni ban karanta shi ba.
Na san shi ne ta raunukansa, kamar ungozoma.
Kofin Aurelio yana nan rataye a ƙusarsa,
shekara shida, ina wanke shi ran Lahadi,
to me littafi zai gaya mini?

Na zura zare, na ja, na ƙulla.
Sauran shafukan na sa su a matsi su kwana su miƙe.
Na ɗari biyu da sha ɗaya na bar shi yadda yake,
ko a rufe littafin, yana ɗan buɗe baki a wurin.
Hazo ya taso daga teku ya haɗiye fitilun tashar.
Gobe da tara za a buɗe ƙofa.
Edelmira ta riga ta sa sunanta a layin karɓa, na takwas,
lemon yana nan bai gama ɓarewa.